Gwanin Ƙarshe da Ɗalibin Farko: Nazari kan Gadon Malam Maman Barka da Manufofin Malamin Kiɗa

Gabatarwa

Ranar 21 ga watan Nuwamba na shekarar 2018 Allah ya yi wa Malam Maman Barka rasuwa a Yamai. Jaridu da gidajen rediyo na gida da na ƙetare sun yi juyayinsa da laƙabi guda, wato gwanin biram na ƙarshe. Yabo aka yi nufi da wannan laƙabi, amma duk malamin da ya saurare shi da kunnen sana'arsa zai ji ɗaci a cikinsa, domin da shi ɗin dai aka san Bukar Tar, tsohon da ya koya wa marigayin. Idan ɗalibi ya gaji kayan kiɗan malaminsa, ya kuma gaji kalmar "na ƙarshe" tare da shi, to wajibi ne masu koyarwa su tsaya su tambayi kansu inda gizo yake saƙar.

Wannan maƙala za ta dubi aikin marigayin ta fuskar koyo da koyarwa, sannan ta fitar da manufofin da ya kamata malamin kiɗa ya sa a gaba idan yara ne a hannunsa. Daga Matamaye nake rubutu, kuma Faransanci da Hausa nake koyarwa, saboda haka idona yana kan yaron da ke ƙasar Kance, wanda yake jin kalangu a gidan biki da algaita a ƙofar fada, amma babu wanda ya taɓa miƙa masa ɗaya daga cikinsu ya ce gwada.

Malamin da ya koma ɗalibi

An haifi Maman Barka a Tasker, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, a gidan Tubawa makiyaya. Ya yi karatun zamani, ya riƙe alli a aji, daga nan ne "Malam" ya manne wa sunansa. Gurumi mai tsirkiya biyu ne ya fito da shi, har waƙoƙinsa suka zaga Nijar da arewacin Nijeriya. Da a nan ya tsaya ma, da ya isa a tuna da shi.

A shekarar 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Buduma, masunta mazauna tsibirai, ya durƙusa gaban Bukar Tar. Biram kayan kiɗa ne mai tsirkiya biyar, an sassaƙa jikinsa da itace cikin siffar kwalekwale, aka rufe shi da fata. Tsirkiyoyin suna tashi daga cikinsa zuwa wani lanƙwasasshen wuya, kowace da muryarta, ba a danna su da yatsa don sauya murya kamar yadda ake yi wa gurumi. Ke nan hannun da ya saba da gurumi sai ya sake sabon koyo. Buduma kuma ba su ɗauki biram abin wasa ba. Yana da ƙa'idojinsa da suka danganci imaninsu na dā game da tafkin, kuma ba kowa ake bari ya taɓa shi ba. Tsohon ya koya wa baƙonsa waƙoƙin da ƙa'idojin, daga baya ya damƙa masa nasa biram ɗin.

Abin lura a nan shi ne mutum ya haura shekara 40, sunansa ya riga ya karaɗe ƙasa, amma ya yarda ya koma ɗan koyo a ƙauyen masunta, cikin harshen da ba nasa ba. Gemu ba ya hana ilimi, in ji Bahaushe. Wannan shi ne darasi na farko da marigayin ya bar wa malamai, kuma babu mai iya rage masa shi: wanda ya manta zafin koyo ba zai yi haƙuri da yatsun yaro ba.

Abin da faifai ya riƙe da abin da ya kuɓuce masa

A shekarar 2008 Malam Maman Barka ya kaɗa biram a bikin WOMAD na ƙasar Ingila, a 2009 kuma kamfanin World Music Network ya fitar da faifansa mai suna Introducing Mamane Barka. Mutum biyu ne ginshiƙin aikin: shi da biram da murya, sai Umaru Adamu da ganguna da ƙwarya. Waƙoƙin sun haɗa na gargajiyar Buduma da waɗanda ya tsara da kansa, kuma an rera su cikin harsuna dabam-dabam na gabashin ƙasarmu, har da Hausa.

Ƙarfin faifan yana cikin ƙarancin kayansa. A zamanin da fiyano na sitidiyo ya cika kunnuwan matasa da muryoyin aro, ga aikin da mai sauraro zai iya bin kowace tsirkiya, ya ji inda ta faɗa da inda ta tashi. Biram yana zagaya gajeriyar jimla guda kamar mai tuƙa jirgi, ganga kuma tana shiga tana fita tana ba shi launi. Haɗa biram da kalangu sabon abu ne, kuma masu tsaurin ra'ayi za su iya cewa an fitar da shi daga gidansa. Ni ban ga laifi a nan ba. Kiɗan da aka hana shi cuɗanya da maƙwabtansa ya kama hanyar gidan tarihi.

Sukar da nake da ita ta shafi abin da muka ɗora wa faifan ne. Mun ɗauka da zarar an naɗi kiɗa an cece shi. Faifai yana riƙe sauti, amma ba ya riƙe hannu. Ba zai nuna wa yaro yadda ake ɗaure tsirkiyar da ta tsinke ba, ko yadda ake gyara murya idan sanyin asuba ya sassauta fata, kuma ba zai ce masa "sake" ba idan ya yi kuskure. Tun a shekarun 1960 masani Toliya Nikiforowezki ya naɗi makaɗan Nijar, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da su a faifai. Muryoyin suna nan lafiya lau a ma'ajiya, amma nawa ne daga cikin jikokin waɗannan makaɗa suke iya maimaita abin da ke ciki? Bugu da ƙari, kasuwar faifan 2009 a Turai take. Yaron Gigimi ko na Matamaye ba shi ne aka yi wa shi ba. Faifai rumbu ne, yana tsare iri daga gara, amma iri ba ya tsirowa a rumbu.

Makarantar gidan makaɗa

Kafin mu nemi dabara a waje, ya dace mu san wadda muke da ita. Bahaushe ya daɗe da makarantar kiɗa, ko da yake ba ta da allo. Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba, sarewa ta makiyaya. Fada kuma tana da tambari da kakaki da algaita da farai, ga kotso da taushi na mawaƙan sarakuna irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. A Damagaram sunan Ma'azu Ɗan Alalo ya isa shaida.

A irin waɗannan gidaje yaro ba ya fara da babban kayan kiɗa. Da farko yana bin ayari ne, yana ɗaukar kaya, yana sauraro. Sannan a ba shi ƙaramar ganga, kuntukuru ko kazagi, wadda aikinta riƙe bugu guda ba sauyi, tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Idan ya iya tsayawa a kan wannan bugu manya suna ta kewaya shi bai ruɗe ba, sai a matsar da shi gaba. Yana shiga amshi, yana haddace taken mutane da kirarinsu, yana koyon jeme fata da ɗaurin tsarkiya. Ranar da zai rataya kalangu a gaban jama'a, kunnensa ya riga ya yi shekaru yana kaɗa shi. Duk wanda ya karanta dabarun koyarwa zai gane hikimar wannan tsari: sauraro kafin aiki, sauƙi kafin wuya, kuma ɗan koyo yana da amfani ga ƙungiya tun ranar farko.

Sai dai wannan makaranta tana da rauni guda uku da suka hana ta jure wa zamani. Na ɗaya, ƙofarta gado ce. Idan ɗan makaɗi ya zaɓi tuƙin babur ko fataucin rake, sai gidan ya rufe, alhali ga ɗan maƙwabci yana mutuwar son gurumi ba a ba shi hanya ba. Na biyu, ɓoye sani. Gwani yakan riƙe wani abu har tsufa don gudun kada yaronsa ya sha gabansa, wani lokaci ajali ya riga shi. Na uku, abincinta yana hannun iyayen gida. Da aka fara kiran mai na'ura a gidan biki, aka rage kiran mai kalangu, sai tukunyar ta huce, yara suka watse.

Cibiyar Taya da rangadin makarantu

Hukuma ta yi nata yunƙurin. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar horar da makaɗa ta Yamai, wadda aka fi sani da CFPM, mai ɗauke da sunan marigayi Alhaji Taya. Masanin kiɗan gargajiya Mahaman Garba yana cikin waɗanda suka ja ragamarta, kuma ta tara kayan kiɗa na ƙabilun ƙasar nan a wuri guda. A inuwarta ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni, gwanin sarewa, ta tsiro a 1995, kuma a can Malam Maman Barka ya yi aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tsakanin Yamai da Damagaram akwai kusan kilomita 900. Cibiya guda a babban birni tana goge wanda ya riga ya iya, ya kuma sami kuɗin mota. Gasa ma haka take, tana ba da lada ga amfanin da ya nuna, ba ta zuwa gona ranar shuka. Shekarun da kunne da yatsu suka fi karɓar horo, wato daga bakwai zuwa goma sha biyar, yaro yana garinsu ne, kuma a can ne babu kowa.

Marigayin ya fahimci wannan giɓi. Bayan fitowar faifansa, shi da Umaru Adamu da mutum biyu daga ƙungiyar Etran Finatawa, wato Alhusaini Muhammad Anibolla da Bammo Agonla, sun zaga makarantu a sassan Nijar suna nuna wa ɗalibai kayan kiɗan kakanninsu. Niyya ce mai kyau, kuma ganin Batube da Bahaushe da Buzu da Bafillace a kan tabarma guda darasi ne da kansa. Illa dai rangadi baƙon yini ɗaya ne. Yana tada sha'awa, mota ta tashi, yaro ya koma gida babu gurumi babu mai nuna masa. Sha'awar da ba ta sami abin kamawa ba cikin mako guda, sai ta koma wajen wayar hannu.

A nan misalin imzad yake da amfani. Goge ne mai tsirkiya ɗaya wanda matan Buzaye suke kaɗawa, shi ma ya kusa ɓata. A 2003 aka kafa wata ƙungiya a Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya don ceto shi, kuma abin da ta sa a gaba shi ne zaunar da tsofaffin gwanaye tare da ƴan mata, a koya musu kaɗawa da haɗawa. A 2013 UNESCO ta sa imzad cikin jerin gadon ɗan Adam, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. A Gambiya ma Sona Jobarte, gwanar kora, ta buɗe makarantarta a 2015, inda yara suke haɗa karatu da kiɗan gida. Bambancin waɗannan da rangadi shi ne zama: malami guda, yara sanannu, mako bayan mako.

Manufofin malamin kiɗa

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo manufofi bakwai. Da "malamin kiɗa" ina nufin duk wanda ya ɗauki nauyin, ko tsohon makaɗi ne, ko malamin kwaleji, ko jagoran ƙungiyar al'adu.

Manufa ta farko ita ce gina kunne kafin a kawo takarda. Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Wannan hawa da sauka ne kalangu yake kwaikwaya idan an matse tsarkiyarsa ko an sake ta, shi ya sa mahauci yake jin takensa daga nesa ya san da shi ake. Ke nan yaron da ya iya Hausa ya zo da rabin darasin daga gida. Malami ya fara da sa shi faɗin jimla, ya tafa ta, sannan ya neme ta a kan fata ko tsirkiya. Shinici Suzuki na Japan, wanda ya rasu a 1998, a kan wannan tunani ya gina hanyarsa: yaro ya koyi goge kamar yadda ya koyi harshen uwa, da ji da maimaitawa. Zoltan Kodayi na Hangare shi ma cewa ya yi a fara da waƙoƙin gida. Mu da muka ga makarantar gwaji ta Hausa da aka buɗe a Damagaram a 1973 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Rubutun kiɗa na Turai yana da amfaninsa, amma ya zo daga baya, kuma a sani cewa muryoyin gurumi da goge ba sa zama daram a kan na fiyano. Wanda ya tilasta musu zama ya gyara musu baki ne har sun daina Hausa.

Ta biyu, kowane yaro ya mallaki abin kaɗawa daidai da hannunsa, ya kuma iya haɗa shi. Ajin da yara ashirin suke jiran gurumi ɗaya ajin kallo ne. Sa'ar da muka yi ita ce kayanmu daga gona da kasuwa suke fitowa: duma da ƙwarya, fatar akuya, sanda, izgar doki, ƙaro. Fatar guza ta yi wuya, amma ta akuya ta ishi ɗan koyo. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya wanda ake iya haɗawa da gwangwanin kifi. Yaron da ya jeme fatar da kansa ba zai jefar da abin a rana ba, kuma ranar da ya lalace ba zai jira kowa ba.

Ta uku, a shimfiɗa matakai sanannu. Abin da gidan makaɗa yake yi a ka, malami ya rubuta shi: bugu guda ba kuskure, sannan bugu biyu masu amsa wa juna, sannan take uku, sannan waƙa cikakkiya, sannan gyaran murya ba tare da taimako ba. Da haka malami zai san inda kowane yaro ya tsaya bayan wata uku, yaro ma ya ga yana tafiya. Minti goma sha biyar kullum sun fi awa uku ranar Lahadi, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. A kuma bar bulala a waje. Yatsan da yake rawar tsoro ba ya samun tsirkiya.

Ta huɗu, yaro ya yi kiɗa cikin jama'a, a kuma tsare shi daga sharrin jama'a. Kiɗanmu na taro ne, yana da fage: gayya, dandali, filin kokawa, bikin ƙarshen shekara na makaranta. Wanda bai taɓa riƙe kazagi ana kokawa ba bai san nauyin bugu ba. Amma malami ya zama katanga. Kada a kai ɗan shekara goma gidan biki har tsakar dare, kada a mai da shi abin nuni don a tara liƙi, kada kiɗa ya ci karatunsa. Yaron da aka saba masa da kuɗin fage tun bai ƙware ba, a nan koyonsa yake tsayawa.

Ta biyar, a buɗe wa ƴan mata ƙofa. Shantu da kiɗan ƙwarya nasu ne tun asali, kuma Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ta nuna iyakar inda ƙwarya za ta iya kai mace. Shantu yana ɓacewa a hankali ba tare da wata jarida ta yi juyayinsa ba, don kuwa a cikin gida ake kaɗa shi. A nemi tsofaffin mata su koyar, a wurin da iyaye suka amince da shi, da rana. Yarinyar da kuma hannunta ya nuna gurumi, kada a ce mata ba na mata ba ne.

Ta shida, malami ya sami yardar iyaye ta hanyar raba kiɗa da bara. Wannan ita ce mafi nauyi a wurinmu. Uba yakan ce ba ya son ɗansa ya zama maroƙi, kuma bai kamata a raina wannan tsoro ba. Ƙasar Kance ta san abin da miƙa hannu ya jawo mata. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, kuma da dama daga wannan yanki suka fito. Al'ummar da ta ga haka tana da haƙƙin ta tambayi duk wanda ya zo da ganga ina zai kai mata ɗa. Amsar malami ta kasance a aikace: ɗalibinsa ba ya bin kowa da kirari don a ba shi, idan an gayyaci ƙungiya a yi jinga a fili kamar yadda ake yi da magini, kuɗin kuma ya shiga asusun kayan aiki da sanin iyaye. A riƙa kiran iyaye su ga abin da ake koyarwa, su ji kalmomin da ake rerawa. Rayuwar Malam Maman Barka hujja ce a nan, domin malamin makaranta ne da ya riƙe gurumi, mutuncinsa bai ragu ba.

Ta bakwai, wadda sauran suke yi wa hidima, ita ce malami ya yaye wanda zai koyar. Gwanin da ya bar magaji ɗaya ya jinkirta mutuwar kiɗansa ne da tsawon rai guda. Tun a shekara ta biyu a sa wanda ya yi gaba ya riƙa nuna wa sabon shiga, domin a wajen koyarwa ne mutum yake gane abin da bai iya ba. Kada malami ya ɓoye komai, kada kuma ya ji haushi ranar da yaronsa ya fi shi. Ita ce ranar da aikinsa ya cika. Haka nan tsohon makaɗin da aka ɗauko ya koyar, a biya shi ladansa, a ambaci sunansa a duk inda ɗalibansa suka yi wasa, kamar yadda marigayin bai taɓa rabuwa da ambaton Bukar Tar ba.

Amsa ga masu ƙorafi

Wani abokin aiki zai ce: ajinmu ya cika ya batse, littattafai ba su isa ba, jarrabawar BEPC tana tafe, ina muka ga lokacin ganga? Ƙorafi ne na gaskiya. Shi ya sa ban nemi a ƙara darasi a jadawali ba. Aikin ƙungiyoyin al'adu ne da kwamitocin iyaye, a ranakun da babu aji da lokacin hutu, da yara goma ko goma sha biyu waɗanda suka zo da ƙafarsu. Abin da ake nema daga makaranta inuwa ce da izini. Malamin Hausa kuma shi ne zai fara cin riba, domin yaron da ya nemi karin sauti a kan kalangu ba zai sha wuyar gane shi a nahawu ba, kuma take da kirari adabi ne da ake nazari.

Wani kuma zai kawo maganar addini. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kiɗa, kuma wannan maƙala ba ta isa ta yi fatawa ba. Abin da ya rage a kanmu shi ne ladabi: ba a tilasta wa kowa, ba a saka yaro ba da yardar mahaifinsa ba, ba a wasa lokacin salla, ba a rera batsa ko zambo. Wanda ya ƙi, a girmama ƙinsa.

Na uku zai ce yaran yanzu fiyano da kwamfuta suke so. Haka ne, kuma babu dalilin yaƙi da su. Matashin da ya san bugun kalangu a hannunsa zai fi sarrafa na'ura a kan wanda ya same shi a maɓalli. Ita kanta wayar hannu tana iya zama baiwar malami: a ɗauki hannun tsoho a hankali yana ɗaure tsirkiya, yara su yi ta kallo a gida, su dawo a gyara musu.

Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa Malam Maman Barka ya sauke nauyin da ke kan mutum guda. Ya koya da tawali'u, ya fitar da biram daga tsibiri zuwa duniya, ya kai kiɗa ƙofar makarantu. Abin da ya gagara shi ne abin da mutum guda ba ya iyawa, wato dasa koyarwa mai ɗorewa a garuruwan da yara suke. Wannan kason namu ne, mu malamai da ƙungiyoyi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare gadon al'adu, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Takardu sun yi nasu. Harshen da aka ɗaukaka kuwa yana da rassa a cikin fata da tsirkiya, kuma waɗannan ba doka ce take rayar da su ba. Shawarata ga kowace ƙungiyar al'adu, daga Matamaye zuwa Kance, daga Tsauni zuwa Ɗan Barto, ita ce kafin damina mai zuwa ta rubuta sunayen tsofaffin da suka iya goge ko gurumi ko algaita ko shantu a yankinta, da shekarunsu, da adadin waɗanda suke koyo a wurinsu. Duk sunan da aka tarar babu kowa a gabansa, daga nan za a fara. A kai masa yara biyu, a shimfiɗa tabarma, a sa rana.